Motar da Muka Gyara Ba Ta Baba Ba Ce

Zuwa ga Maxine,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki hanzarta, domin abin da ke gabana ba zai jira ba. Na daɗe ina karanta filin nan naki na jarida, ina yi wa masu rubuto miki dariya a zuci, ina cewa ni kam ba zan taɓa kwashe maganar gidana in kai wa wadda ban sani ba. To yau ga ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa a nan, don garinmu ƙarami ne, in kika yi atishawa a gidan mai, kafin ki isa gida wata ta riga ki da kwanon miya wai ta ji ba ki da lafiya. Na canza sunaye, amma duk sauran yadda ya faru ne.

Mijina sunansa Lowell. Su biyu ne a wurin iyayensu, shi da yayansa Duane. Mahaifinsu Orval manomin alkama ne a nan Dakota ta Arewa, ya rasu shekarun baya ya bar matarsa Verna a gidan gona. Mama muke ce mata dukanmu. Ta haura tamanin, amma har yau ita ke tuƙa kanta zuwa coci, kuma kada Allah ya haɗa ki da ita a mararraba. Tun da tsohon ya rasu Lowell da Duane ba sa ga-maciji da juna. Duane ne ya sayar da shanun mahaifinsu ana tsakiyar zaman makoki bai shawarci kowa ba, shi kuma Lowell ya gaya masa wata magana a gaban jama'a wadda jaridarku ba za ta buga ba. Daga nan ko gaisuwa aka daina. In Kirsimeti ta zo Mama sau biyu take girki, yau namu, gobe nasu.

Bara, da ƙanƙara ta narke, Mama ta ce za ta share bayan gida, tarkacen Orval sun ishe ta. Cikin tarkacen akwai tsofaffin a-kori-kura guda biyu, ƙira ɗaya, duk tsatsa ta cinye su har ba kya gane kalarsu. Ke da kike birni wataƙila abin ya ba ki mamaki, amma a nan duk manomin da ya san kansa yana da motar hawa, yana kuma da 'yar'uwarta a ajiye wadda yake cirar kayan gyara a jikinta. Ɗaya tana cikin rumfar kayan noma, ɗayar tana can waje gindin bishiyoyi, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinta. Mama ta kira Lowell ta ce Duane na shirin ɗauke motar Baba. Ta kira Duane ta ce Lowell na shirin ɗauke ta. Ranar Asabar sai ga su duk biyun a tsakar gida, kowa da igiyar ja a hannu, kowa ya haɗe rai. Ban san yadda aka yi ba, maimakon dambe sai aka ɓige da maganar gyara ta tare.

Ki fahimci matsayin motar nan a wurinsu. A cikinta suka girma, a cikinta suka koyi tuƙi tun ƙafarsu ba ta kai birki ba. Kuma akwai labarin da ba a taɓa zaman cin abinci a gidan nan ba a ba da shi ba. Wata rana Orval na dawowa daga farautar barewa, bindigarsa ta tashi a cikin mota, harsashi ya huda ƙasan motar daidai tsakanin ƙafafun Mama. Ya rufe ramin da murfin gwangwanin kofi, ya ɗaure shi da noti ɗaya a gefe, yadda murfin ke iya juyawa. Yaran sukan ture shi da ƙafa su riƙa kallon hanya tana gudu a ƙarƙashinsu. Na ji labarin nan har na fi masu shi iya ba da shi.

A ranar farkon nan Duane ya nufi wadda ke cikin rumfa ya dafa ta ya ce, "Ga ta nan." Lowell ya waiga wajen bishiyoyi ya ce, "Anya kuwa, Duane? Ni sai nake ganin kamar waccan ce." Duane ya ce, "Haba kai kuwa, wane mahaukaci ne zai bar tasa a ruwa ya sa ta kayan gyara a inuwa? Kai dai har yanzu ba ka san Baba ba." Suka leƙa neman ramin harsashi, sai suka tarar ƙasan motar ya zube gaba ɗaya, don tsohon ya riƙa jibge buhunan takin zamani a ciki, takin ya cinye ƙarfen. Duane ya ce ka gani, tsatsa ta haɗa har da ramin. Na ga Lowell ya buɗe baki, sai ya haɗiye maganarsa. Shekaru ke nan rabon da yayansa ya yi masa magana mai tsawon wannan, bai so ya ɓata ba.

Daga nan aiki ya kankama. Duk ƙarshen mako muna gidan gona. Duane ke walda, Lowell ke fama da inji, matar Duane ta ɗauki goge tsatsa da samfefa har ta yi watanni tana fyace jar majina, ni kuma aka ba ni ɗinkin kujera da duk abin da ya shafi cikin mota, tunda ina da keken ɗinki kuma ba na shiri da maiƙo. Mama takan kawo kofi da burodin kirfa, ta kafa kujerarta a bakin rumfa ta zuba musu ido. Duk abin da ya ruɓe a jikin ta rumfa, sai a je a ciro daga ta waje. Ƙofofi, sitiyari, sandar giya, ƙarfen kujera, gilashin gaba, duk daga can aka kwaso. Har suna suka sa mata, wai Mushe. "Je ka wurin Mushe ka gani ko tana da shi." Da aka zo kan rufi, Lowell da kansa ya ɗauki injin yankan ƙarfe ya fille mata kai, yana yi yana waƙa, yana cewa, "Yi haƙuri tsohuwa, ta Baba ce ke so." Ina tsaye ina ta dariya.

Kuma Maxine, aikin nan ya yi abin da fasto da dangi suka kasa. Da farko ba su da magana sai "miƙo" da "riƙe". Sannan aka fara zagin noti tare. Wata rana Duane ya babbake girarsa da wutar walda, Lowell ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, shi ma Duane ya kama. Ranar da injin ya tashi kuwa, ƙattin maza biyu masu furfura suka tsaya suna share ido, kowa na cewa hayaƙi ne. Kirsimetin da ta wuce sau ɗaya Mama ta yi girki. Yanzu an gama fenti, kore shar yadda suka tuna, Duane ya sa an rubuta sunan Orval a ƙofa. An riga an sa ta cikin motocin da za su yi fareti a bikin girbi na garinmu, Mama a tsakiya, 'ya'yanta hagu da dama. Har sabuwar hula ta saya.

Shimfiɗar ƙasa kaɗai ta rage, aikina ke nan. Makon jiya da hantsi mazan suka tafi gari neman fitilar mota, na ce bari in je wurin Mushe in ɓamɓaro tsohuwar robar da ke ƙasanta, in ɗora a kan sabuwa in yanka daidai. Duk tsawon aikin nan ba wanda ya ɗaga ta, don laka ta manne ta, kuma sabon ƙarfe suka sayo suka yi wa ta rumfa ƙasa. Na sa tsohuwar wuƙa na yi ta kankara, na ja, ta taso. A gefen da Mama ke zama, ga murfin gwangwanin kofi, da noti ɗaya a gefensa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe a wurin ba. Na ce a raina ai kowa na shan kofi, wataƙila wani ma ya yi irin dabarar. Sai na sa yatsa na ture murfin. Ya yi ƙara, ya juya. Ga rami nan zagaye, ina hango ciyawa ta ciki. Na ɗaga kai na dubi motar da kyau a karon farko, ba ƙofa, ba rufi, ba kujera, wayoyi na reto, zomaye sun yi gida a ƙarƙashinta. Motar Baba ke nan! Mu muka yi mata haka da hannunmu, muna raha muna cin burodin kirfa.

Na mayar da robar na ruga kicin. Mama na murza fulawa. Na ce, "Mama, mun yi kuskure, ta waje ce ta Baba, na ga ramin!" Har na matsa kusa don in tare ta in ta faɗi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wanke hannunki, kin kwaso mini laka." Na ce ko ba ta ji abin da na faɗa ba ne. Ta ce, "Na ji. Ai ƙafafuna ne a wurin, yarinya. Kina ganin zan manta motar da aka kusa harbe ni a ciki?"

Ashe tun ranar farko ta sani. Ta ce Orval ya sa ta kayan gyara a rumfa ne domin a cewarsa kayan gyara ba sa son ruwa, tasa kuwa ta saba. A gindin bishiyoyin nan ta mutu masa wata rana, a nan ya bar ta, kullum yana cewa gobe zai duba ta. Na ce to Mama me ya hana ki magana? Ta tsaya da murzawa ta ce, "Na buɗe baki zan yi. Sai na ga Duane ya miƙa wa Lowell sifana, Lowell ya karɓa. Sai na koma na zauna."

Da a nan maganar ta tsaya da da sauƙi. Bakina ne ya ja mini, na tambaye ta to wadda muka gyara ta wa ce. Ta ce, "Ta Milo ce." Milo maƙwabcinsu ne na da, ya rasu tuni. Yaran sun taso sun ga mahaifinsu ba ya gaisawa da shi, in sun haɗu a hanya kowa sai ya kalli gonarsa, amma ba su san dalili ba. Ashe Milo ne ya fara neman Mama, kuma a cikin wannan motar yake kai ta wurin rawa. Orval ya je ya sayi irinta sak don kada a ce Milo ya fi shi. Can daga baya, yaran sun riga sun bar gida, Milo ya daina noma aka yi gwanjon kayansa. Orval ya tsaya ya kafe sai da ya saye motar, ya jawo ta gida, ya rantse sai ya ga bayanta noti bayan noti. Madubi ɗaya kawai ya samu ya cire kafin tsufa ya ci ƙarfinsa.

Kin gane abin da muka aikata? Mun yanka motar Orval mun ciyar da motar mutumin da ya fi tsana a duniya, mun yi mata fenti, mun rubuta sunansa a ƙofarta, kuma za mu ɗora matarsa a ciki mu zaga gari da ita ana tafi. Na zube a kujerar kicin bakina a buɗe. Mama ta zuba mini kofi ta ce, "Ƙarfe ne kawai. Ni 'ya'yana nake so in gani a tebur ɗaya kafin in mutu. Ki yi mini alkawari ba za ki faɗa ba." Ban yi ba, ban kuma ƙi ba. Sannan ta ƙara da cewa ta riga ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo ya kwashe Mushe kafin biki, wai kada baƙi su tarar da gida kaca-kaca. Kin dai san abin da suke yi da su, matse su suke yi su zama dunƙule.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini rai, ban ma san ko ya dace in faɗa ba. Ranar da na gama kujera Mama ce ta fara zama a kai. Ta shafa gaban motar a hankali, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. A lokacin na ce Allah sarki, mijinta ta tuna, har na yi ƙwalla. Yanzu ban san wa ta tuna ba, kuma ina jin haushin ƙwallar da na ɓata.

Tun ranar da na ɗaga robar nan ba ni da sukuni. Lowell ya lura, na ce masa ciwon kai ne, ya kawo mini magani na sha a banza. Tun da muka yi aure ban taɓa ɓoye masa abin da ya wuce kyautar ranar haihuwarsa ba. Jiya ya shigo da fara'a yana ce mini ya ji ƙamshin Baba a cikin motar, na ce ai kuwa, na shige banɗaki. In na faɗa masa, na san mijina. Zai tuna shi ne ya yi daidai tun farko Duane ya rufe masa baki wai bai san Baba ba, zai tuna da hannunsa ya yanke rufin yana waƙa. Duane kuwa tun da aka haife shi bai taɓa cewa na yi kuskure ba. Za mu koma girki biyu, wannan karon ni ce sila, tsohuwa kuma ba ta da wasu shekarun da za ta jira su huce. In kuma na yi shiru, za a zo a ɗauke abin da ya rage na motar mahaifinsu a matse ina tsaye ina kallo, sannan in ci gaba da kwana da tashi da mijina ina riƙe da abin da bai sani ba. Wani lokaci sai in ce Mama ce mai gaskiya, ƙarfe ne. Can kuma sai in ji ba zan iya ba.

Me zan yi? Mai ƙarafan na iya zuwa kowace rana.

Taki,
Surukar da ta ɗaga roba

*

Zuwa ga Surukar da ta ɗaga roba,

Sannu, 'yar'uwa. A tsaye na fara karanta wasiƙarki, da na zo kan Milo sai da na nemi kujera. Na daɗe a filin nan, na sha ganin rikicin gado iri-iri, amma ban taɓa cin karo da irin wannan ba.

Kin haɗa matsaloli biyu wuri ɗaya, shi ya sa kanki ya ɗaure. Ɗaya tana iya jira, ɗaya ba ta iyawa. Wadda ba ta jira ita ce ta mai ƙarafa, don in an matse mota ba mai warware ta. Saboda haka yau ɗin nan, kafin ki yanke shawarar komai, ki tabbata ba a taɓa motar ba. Ki sa Mama ta kira mutumin ta ɗage zuwansa, in ta ƙi ki kira shi da kanki. Ba sai kin yi masa dogon bayani ba, ki ce iyali ba su gama da ita ba, wannan kuwa gaskiya ce.

Sai batun Mama. Ba zan ga baƙinta ba, ke ma kada ki gani. Matar da ta yi shekaru tana girkin Kirsimeti sau biyu, ta ga 'ya'yanta sun miƙa wa juna sifana ta rufe bakinta, na fahimce ta sarai, kuma ban tabbata ni da zan yi dabam a wannan ranar ba. Amma shirun rana ɗaya dabam, zama a kujera tana kallon ɗanta na yanke rufin motar ubansa dabam. Kiran mai ƙarafa kuwa ya wuce shiru, wannan yanke wa manyan maza hukunci ne a kan kayan mahaifinsu ba da saninsu ba. Ki lura da kyau, irin abin da ya raba su tun farko ke nan, wani ya rabu da abin Baba bai shawarci kowa ba. In maganar ta fito daga baya, kuma a irin garinku da wuya ta ƙi fitowa, ba Duane kaɗai Lowell zai riƙe a rai ba, har da uwarsa, har da ke. Alkawarin da ta nema a wurinki ya fi ƙarfinki. Sirrin nata ne, amma aurenki ne zai ɗauki nauyinsa, ga shi tun yanzu kin fara shan maganin ciwon da ba kya yi.

Murmushin nan kuwa ki bar shi inda kika gan shi. Mace mai shekara tamanin tana da damar tuna lokacin da take budurwa ana kai ta rawa, wannan bai rage komai daga zamanta da Orval ba, ai shi ta aura. Labarin Milo nata ne. Abin da ya zama dole 'ya'yanta su sani shi ne wace ce motar mahaifinsu. Ta wa ce ɗayar, da dalilin gabar, ita za ta zaɓi yadda za ta faɗa. In suka tambaye ki ki ce su tambayi uwarsu, amma kada ki yi musu ƙarya.

Ki koma kicin ɗin ki gaya mata cikin ladabi cewa ba za ki iya riƙe wannan ba, kuma kin fi so su ji daga bakinta. Ki ba ta 'yan kwanaki, ki faɗa mata ƙarara cewa in sun wuce za ki sanar da mijinki, don kada daga baya ta ce kin ci amanarta. Su ji tare, su biyu, a zama ɗaya. In Lowell ya riga ji, da zafinsa zai isa wurin yayansa. In Duane ya riga, zai kwana yana haɗa hujjoji. In kuwa Mama ce ta faɗa, ta ce na sani tun farko na yi shiru, yawancin fushin a kanta zai sauka, kuma ita ce kaɗai a gidan nan da ba wanda zai iya daina yi wa magana.

In aka fara nuna yatsa, ki tuna musu sau ɗaya cewa kuskuren na gida ne gaba ɗaya. Hujjar Duane ta hankali ce, kowa ya ga mota a rumfa haka zai ɗauka, tsohon ne ke da nasa tunanin dabam. Lowell ya yi shakka, amma ya yi watanni yana hawa yana sauka a jikin motar bai ɗaga robar ba. Ki faɗa ki yi shiru. Kada ki yi saurin rarrashi, kada kuma ki maimaita masa cewa ƙarfe ne kawai. Ya yi rashi na gaske, ki bar shi ya yi baƙin cikinsa.

Bayan ƙura ta lafa, ki sake duba abin da kika rubuto mini da kanki. Ƙofofin da suka riƙa bugawa suna yara, sitiyarin da hannun Orval ya goge, sandar giya, ƙarfen kujera, gilashi da rufi, duk suna jikin koriyar motar. Ƙamshin da Lowell ya ce ya ji, ba lallai ne hancinsa ya yi masa ƙarya ba. Shi kansa Milo in ya dawo yau da ƙyar zai gane motarsa, ta wannan fuskar rantsuwar Orval ta kusa cika. Ƙasan da ke da ramin kuma yana nan muddin kin tsayar da mai ƙarafa, Duane ya iya walda. Ko su yanko shi su dasa, ko su fara gyaran ta biyu, ko su fasa faretin, su ke da ikon yankewa, ba ke ba, ba Mama ba.

Ba zan yi miki alkawarin ba za su yi faɗa ba. Wataƙila su yi, wataƙila a yi makonni ba wanda ya taka rumfar. Amma mutanen da suka yi shekara suna riƙe wa juna ƙarfe mai zafi ba za su rabu da sauƙi irin na da ba. Ɗaya hanyar ce ta fi ba ni tsoro. Mama ta tsufa. In yau suka ji, akwai wadda za su yi wa ihu, su tambaye ta me ya sa, ta ba su amsa, su yi fushi da ita, su huce. In suka ji bayan ba ta, ba wadda za su tambaya, ba wadda za su yafe wa, sai su juya kan junansu da ke. Kada ki bari ta tafi da amsar.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya zukatan mazan nan biyu, ya kuma bar muku tsohuwar ta ga yadda abin zai ƙare.

Maxine